Faɗaɗa Tallafin Talakawa: Inda Gizo Ke Saƙar

Sanarwar faɗaɗa shirin tallafa wa marasa galihu kusan kamanninta ɗaya ne a duk inda aka yi ta. Shugaba ko minista ya tsaya gaban 'yan jarida ya karanto lambobi biyu: yawan gidajen da za a ƙara, da yawan kuɗin da aka ware. Magoya baya su ce an share wa talaka hawaye, 'yan adawa su ce sayen ƙuri'a ne, ko kuma ana koya wa mutane zaman kashe wando. Bayan mako guda kowa ya koma harkarsa. Alhali lambobin nan biyu su ne mafi ƙarancin amfani ga mai son ya san ko shirin zai taɓa talauci. Wata gwamnatin takan ninka kasafin tallafi talauci bai motsa ba, wata kuma ta kashe abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasarta ba a ga canji a aji da asibiti. Bambancin yana cikin abubuwan da ba sa shiga jawabi: yadda aka rubuta sunaye, ko kuɗin na zuwa ranar da aka ce, da ko tallafin haƙƙi ne da doka ta tsare ko kyauta ce ta wanda ke kan kujera.

Gwamnatin da ta samu ƙarin kuɗi tana iya ƙara mutane, ko ta ƙara abin da kowa ke karɓa, ko ta buɗe sabon shiri, misali fansho ga tsofaffin da ba su taɓa aikin albashi ba. Da yake asusun ɗaya ne, abin da aka ba wannan an rage wa wancan. 'Yan siyasa sun fi son ƙara mutane, domin miliyoyi sun fi daɗin faɗi a bainar jama'a, ko da abin da zai isa hannun kowa bai kai ya riƙe gida kwana uku ba. Buƙatar kuwa babba ce. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2024 ya nuna cewa kashi 52.4 cikin 100 na mutanen duniya suna da aƙalla nau'i ɗaya na irin wannan kariya ta tallafi ko fansho, mutum biliyan 3.8 kuma ba su da ko ɗaya. A ƙasashe mafi ƙarancin samu, masu kariyar ba su cika kashi 10 cikin 100 ba.

Zargin cewa siyasa ce ke sa a faɗaɗa tallafi gaskiya ne, kuma tun asali haka abin yake. Otto von Bismarck, wanda ya kafa inshorar lafiyar ma'aikata a Jamus a 1883, da ta haɗari a wurin aiki a 1884, da fanshon tsufa a 1889, yana neman janye ma'aikata ne daga jikin 'yan gurguzu da ke ƙara ƙarfi a lokacin. Shekara 70 ma ya sa ta fara karɓar fanshon, a zamanin da ma'aikata da yawa ba sa kaiwa nan. Duk da haka tsarin ya rayu, ya tsallake yaƙin duniya biyu. Niyyar mai mulki takan mutu tare da shi, tsarin da ya bari shi ke zama. Franklin Roosevelt ya san haka. Da ya kafa fanshon ƙasa a Amurka a 1935, ya dage a riƙa yankar wani abu daga albashin ma'aikaci, an kuma ruwaito ya ce ya yi haka ne don ma'aikaci ya san kuɗinsa yake karɓa, ta yadda babu ɗan siyasar da zai iya soke shirin. Har yau ba a soke ba.

Sai dai tsarin Bismarck da na Roosevelt da albashi suka dogara. A ƙasar da yawancin matalauta manoma ne da masu dako da masu aikin yini, babu takardar albashin da za a yanki wani abu a cikinta. Shekaru da yawa abin da gwamnatocin irin waɗannan ƙasashe suka riƙa yi shi ne sauƙaƙa farashi, su zuba kuɗi a kan mai, lantarki, taki ko hatsi don kowa ya saya da araha. Amma mai mota uku ya fi mai tafiya a ƙasa shan tallafin mai, mai na'urar sanyaya ɗaki ya fi mai ƙwan fitila ɗaya shan tallafin wuta.

Meziko ce ta fito da wata hanya a 1997, zamanin Shugaba Ernesto Zedillo, da shirin Progresa wanda masanin tattalin arziki Santiago Levy ya jagoranci tsarawa. A ba uwa kuɗi a hannu, da sharaɗin yara su je makaranta, a kuma riƙa kai su asibiti a duba su. Kuɗin 'ya mace a sakandare ya ɗara na ɗa namiji, domin 'yan mata aka fi cirewa. Da yake ba za a iya farawa ko'ina lokaci guda ba, sai aka ɗauki ƙauyuka 506 aka jefa ƙuri'a: 320 suka fara karɓa, 186 suka jira. Da aka kwatanta su, an ga yara sun fi zama a makaranta, sun kuma rage kwanciya rashin lafiya a ƙauyukan da suka fara. Hujjar nan ta taimaka wajen sa gwamnatin da ta biyo baya, duk da ta 'yan adawa ce, ta riƙe shirin, ta sauya masa suna zuwa Oportunidades a 2002.

Barazil ta bi sahu. A Oktoban 2003 gwamnatin Lula da Silva ta haɗe ƙananan shirye-shirye huɗu da ke warwatse a ma'aikatu ta mai da su Bolsa Família. Shekara goma bayan nan shirin yana biyan gidaje kusan miliyan 14, wajen kashi ɗaya bisa huɗu na mutanen ƙasar, a kan kuɗin da ya kai kimanin rabin kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Lula aka fi yabo, amma ƙashin bayan shirin wani abu ne mara armashi da aka kafa a 2001, kafin ya hau mulki: rajista ɗaya ta gidaje masu ƙaramin ƙarfi, Cadastro Único, wadda ƙananan hukumomi ke cikewa, kowane gida kuma ya sabunta bayanansa aƙalla duk shekara biyu. Kuɗin ta banki yake bi zuwa katin da ke hannun uwa, babu shugaban jam'iyya a tsakani.

To a kan rajistar nan gizo ke saƙar. A dubi jami'in da aka tura gida-gida da takardar tambayoyi. Ba ya tambayar nawa kake samu, domin manomi ko mai aikin yini ba shi da amsa ɗaya, wanda ke da amsar kuma zai rage. Sai ya duba abin da ido ke gani. Da me aka yi rufi? Ƙasa ce a tsakar ɗaki ko siminti? Akwai bayan gida, akwai firji, akwai babur? Mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya, ina maigida ya tsaya a karatu? Kowace amsa da makinta, kwamfuta ta haɗa, ta ja layi. Yanzu ga gida biyu katanga ɗaya. Na farko na matar da mijinta ya rasu ne, ya bar ta da 'ya'ya huɗu a ginin siminti da ya yi sanda yana da ƙarfi, ba ta da wata hanyar samu. Na biyu rufinsa na ciyawa ne, amma mai gidan yana da garken dabbobi a daji da jami'in bai gani ba. Kwamfuta za ta ɗauki na biyu ta bar ta farko, kuma babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya ci hanci. Duk unguwar ta san wanda ya fi buƙata, sai takardar kaɗai ba ta sani ba.

Kuskure iri biyu ke fitowa daga nan, ko a sa wanda bai cancanta ba, ko a bar wanda ya cancanta. Jaridu da masu binciken kuɗi na farkon suke farauta, domin yana da suna da hoto: ga ma'aikacin gwamnati yana karɓar kuɗin marayu. Na biyun ba shi da hoto, wanda aka bari ba ya cikin kowace takarda. Kuma duk sanda aka tsaurara don toshe na farko, na biyun ƙaruwa yake yi. Ƙarin takardu, ƙarin tantancewa, ƙarin zirga-zirga zuwa ofis, mai ƙarfi ya jure, gajiyayye ya haƙura. A Indonesiya masu bincike, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Rema Hanna da Benjamin Olken, sun gwada hanyoyin zaɓe a ƙauyuka 640. A wasu aka bi makin kwamfuta, a wasu aka tara mutanen gari suka jera gidaje da kansu daga mafi talauci zuwa mai dama-dama. Kwamfuta ta ɗan fi dacewa idan abin da gida ke kashewa ne ma'auni. Amma inda jama'a suka zaɓa an fi gamsuwa, ƙorafi ya fi ƙaranci, domin mutane suna kallon abin da takarda ba ta tambaya: wa ke da mai taimaka masa, wa ke iya fita nema, wa ciwo ya kwantar.

Barin zaɓe a hannun mutane kuwa ya danganta da waɗanne mutane. Da Pakistan ta kafa shirin tallafi mai sunan Benazir Bhutto a 2008, 'yan majalisa aka raba wa fom su rarraba a mazaɓunsu. Ba sai an faɗi waɗanda suka samu ba. Ba a jima ba aka watsar da wannan hanya aka koma ƙidayar gida-gida da maki. Ko da hakan, a ƙarshen 2019 gwamnati ta cire sunaye sama da 800,000, cikinsu har da ma'aikatan gwamnati da matansu.

Ko rajistar da aka yi tsakani da Allah tsufa take yi. Fari ɗaya, jinya ɗaya, ko rasuwar mai nema ta isa ta durƙusar da gidan da ke tsaye, wani gidan kuma ɗa ya samu aiki ya miƙe. Annobar korona ta tona wannan asiri a 2020, domin waɗanda kulle ya fi bugawa, masu ƙananan sana'o'i a birane, ba sa cikin rajistar ƙasashe da yawa, wadda da talakan karkara aka rubuta ta a zuciya. Togo ta yi dabara da shirin Novissi: mutum ya yi rajista ta wayarsa da katin zaɓe, kuɗi ya shigo ta wayar, daga baya aka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan amfani da waya don gano mafi buƙata. Dabara ce mai kyau ta gaggawa, amma wanda ba shi da waya ko katin zaɓe yana waje.

A ganina, a ƙasar da rabin jama'a ko fiye ke fama, ƙoƙarin tsamo kashi 10 mafi talauci daga cikinsu ya fi kama da caca, kuma yana shuka gaba tsakanin maƙwabtan da halinsu ɗaya. Ya fi sauƙi, ya fi kuma wuyar murɗewa, a ɗauki rukunin da kowa ke gani da idonsa: tsoho, mai juna biyu, ƙaramin yaro, mai naƙasa. Lesotho, ƙasa ƙarama mara arziki, ta fara biyan fansho a 2004 ga duk wanda ya kai shekara 70 kuma ba ya karɓar wani fanshon gwamnati. Za a ce ai wasu masu hali za su karɓa. Haka ne, amma wannan asara ce da ake iya lissafawa, ana ma iya dawo da ita ta haraji. Akwai kuma ribar siyasa. Shirin da matsakaita ke ci a cikinsa yana da masu kare shi a majalisa da jarida, wanda aka keɓe wa matalauta zalla kuwa shi ake fara yanka idan kasafi ya yi ƙunci. Indiya ta bi wata hanya daban da dokar 2005 da ta lamunce wa kowane gidan karkara aikin ƙarfi na kwana 100 a shekara. A nan aikin ne ke tantancewa, wanda ke da abin yi ba zai zo haƙar tafki cikin rana ba. Illarta ita ce tsoho da mara lafiya ba sa iya ɗaga diga.

Batun sharaɗi an fi ba shi muhimmanci fiye da kima. A gundumar Zomba ta Malawi an ba wasu 'yan mata kuɗi da sharaɗin zuwa makaranta, wasu babu sharaɗi. Masu sharaɗi sun fi zama a aji. Amma auren wuri da ɗaukar ciki sun fi raguwa a ɓangaren marasa sharaɗi, saboda yarinyar da ta bar makaranta, wadda ita ce ta fi zama cikin haɗari, a ɓangaren marasa sharaɗi tana ci gaba da samun kuɗi, a na masu sharaɗi kuwa an yanke mata. A Maroko, gwajin shirin Tayssir ya nuna cewa gaya wa iyaye kawai cewa kuɗin na karatun yara ne, ba tare da bin diddigi ba, ya yi aiki kamar mai sharaɗi. Sau da yawa aikin sharaɗi lallashin masu biyan haraji ne. Kuma sharaɗin kai yaro asibiti ba shi da ma'ana inda asibitin babu ma'aikaci.

Tsoron lalaci ma an auna shi. Banerjee da abokan aikinsa sun sake nazarin gwaje-gwaje bakwai na shirye-shiryen gwamnati a ƙasashe shida, ba su ga alamar cewa masu karɓa sun rage aiki ba. David Evans da Anna Popova, a wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2014, sun duba ko kuɗin na tafiya a giya da taba, suka tarar sayensu ba ya ƙaruwa, a wurare da dama ma raguwa yake. Kuɗin ai bai kai a zauna a kansa ba. Inda tsoron ke da tushe shi ne idan da zarar samunka ya ɗaga kaɗan za a yanke maka gaba ɗaya, nan mutum yana da dalilin ɓoye aikinsa. Shi ya sa Barazil, da ta dawo da Bolsa Família a 2023, ta bar gidan da samunsa ya ƙaru ya ci gaba da karɓar rabin kuɗin na wani lokaci. Tashin farashi kuma ya danganta da kasuwa. A yammacin Kenya, inda ƙungiyar GiveDirectly ta raba wa gidaje sama da 10,000 kimanin dala 1,000 kowanne, farashi kusan bai motsa ba, maƙwabtan da ba su karɓa ba ma sun amfana da ciniki. A wasu ƙauyuka masu nisa na Filifin, inda kaya ke wuyar shiga, farashin abinci mai gina jiki ya tashi, 'ya'yan waɗanda ba sa cikin shirin suka ji jiki.

Abin da aka fi sakaci da shi, kuma yana iya fin yawan kuɗin muhimmanci, shi ne zuwansa a kan lokaci. Uwar da ta san ranar kaza ga wata kuɗi zai shigo tana iya karɓar bashin magani yau, ta bar akuyarta ba ta sayar ba, ta bar yaro a aji. Wadda aka biya wata biyu, aka yi shiru wata biyar, sannan aka tuna da ita ana gab da zaɓe, ba ta iya gina komai a kai. Ranar da ya zo ta biya bashi, shi ke nan. A takarda kuwa abin da suka karɓa a shekara yana iya zama ɗaya. Habasha ta gane wannan bayan shekaru tana neman agajin abinci duk sanda fari ya zo, agajin kuma ya iso bayan mutane sun sayar da shanun huɗa. A 2005 ta kafa shirin da ke biyan gidajen da aka san suna shiga yunwa kowace shekara, kuɗi ko hatsi na watanni shida, masu ƙarfi su yi aikin gyaran ƙasa da hanyoyi, marasa ƙarfi a ba su haka nan. Ya kai ga mutane wajen miliyan 8. Shi ma inda ya fi nuna rauni shi ne inda biya ke jinkiri.

Hauhawar farashi tana iya soke shiri ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. A Disamban 2010 Iran ta rage tallafin makamashi da na burodi ta maye gurbinsa da kuɗi kai tsaye ga kusan kowane ɗan ƙasa, riyal 455,000 a wata, kimanin dala 45 a lokacin. Ga babban iyali a karkara wannan kuɗi ne na gaske. Amma aka bar adadin yadda yake shekara da shekaru, takunkumi da faɗuwar darajar riyal suna cinye shi, har ya koma 'yan daloli kaɗan, sunan kowa kuma yana nan a rajista. Dokar tallafin da ba ta faɗi yadda za a riƙa ɗaga kuɗin daidai da farashi ba ta bar wannan ƙofa a buɗe.

Gwamnatoci da yawa yanzu a kan na'ura suka ɗora begensu, kuma da dalili. Rajiv Gandhi, sanda yake firaministan Indiya a shekarun 1980, ya taɓa cewa kashi 15 cikin 100 kawai na abin da gwamnati ke kashewa don talaka ke isa hannunsa. Lambar shaida ta Aadhaar, da ke haɗe da zanen yatsa da ƙwayar ido, da biya kai tsaye ta banki, sun rage sunayen bogi da 'yan tsakiya. Amma a tsaya a layin karɓar hatsi a ga tsohuwar da aikin ƙarfi ya shafe mata zanen yatsu. Ta ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi. Ta goge shi a jikin mayafi ta sake, ta ƙi. Ko kuma yatsan ya yi, intanet ta ɗauke. A littafin gwamnati wannan tsimi ne, tunda ba a fitar da rabonta ba. An yi ta samun rahoton irin wannan a jihar Jharkhand a 2017. Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba. A Holan hukumar haraji ta zargi dubban iyaye da zamba a tallafin renon yara ba da gaskiya ba, ta tilasta musu mayar da kuɗi, abin da ya kai gwamnatin Mark Rutte ga murabus a Janairun 2021.

Idan aka hana ka, wa za ka kai wa ƙara? Dokar aikin kwana 100 da Indiya ta yi a 2005 ta tanadi cewa idan ka nemi aiki ba a ba ka cikin kwana 15 ba, gwamnati ta biya ka alawus na zaman jira. An sha karya wannan, amma akwai abin da za a nuna wa alƙali. Kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu, sashe na 27, ya sa tallafi ga wanda ba ya iya riƙe kansa cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Shirin da ke tsaye a kan umarnin shugaba ko dokar shekara guda kuwa ba ya da wannan garkuwa. A 2021 Amurka ta ɗaga tallafin yara zuwa dala 3,600 a shekara ga 'yan ƙasa da shekara 6, da dala 3,000 ga waɗanda suka fi haka, ta fara biya wata-wata daga Yuli, ta kuma shigo da iyaye mafi talauci waɗanda a da ba sa samun cikakke. Talaucin yara, a ma'aunin hukumar ƙidaya da ke lissafa tallafi, ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin 100. Majalisa ba ta sabunta ba, sauran tallafin korona ma ya ƙare, a 2022 adadin ya koma 12.4. Progresa kansa, da duk hujjojinsa da shekara 20 da ɗoriya, gwamnatin shugaban Meziko López Obrador ta rufe shi a 2019 ta kawo nata shirye-shiryen.

Saura kuɗin. Tallafi alkawari ne na kowane wata, ba ya zama a kan abin da ke zuwa sau ɗaya, irin bashi, gudunmawar waje, ko rarar farashin mai da ma'adinai. Ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda galibinsu masu arziki ne, suna tara harajin da ya kai wajen kashi 34 cikin 100 na arzikinsu, matsakaicin ƙasashen Afirka kuwa wajen 16. Hukumar kasuwanci da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi ya fi abin da ake kashewa a ilimi ko a lafiya. Hanyar da aka fi bi ita ce rage tallafin mai a juya kuɗin ga talakawa, kamar yadda Indonesiya ta yi a 2005 ta biya gidaje wajen miliyan 19 rupiya 100,000 a wata. A lissafi daidai ne. A aikace farashi yana tashi a daren sanarwa, a kan kowa, tallafin kuma sai an gama rajista, ga wasu. Iran, duk da abin da ya biyo baya, ta yi wannan ɓangaren daidai: ta zuba kuɗin a asusun mutane suna gani tun kafin ranar, aka buɗe musu cira sanda farashi ya tashi. Idan kuma da harajin kayan masarufi za a ɗauki nauyin shirin, talakan da ba ya cikin rajista shi ke biya wa wanda ke ciki. Masana irin su Nora Lustig sun nuna cewa a ƙasashe da dama akwai matalauta masu yawa da abin da suke biya na haraji ya fi abin da suke karɓa.

Afirka ta Kudu ta ɗanɗana faɗaɗawa iri biyu. Ta fara tallafin yara a 1998 da rand 100 a wata ga 'yan ƙasa da shekara 7, ta riƙa ɗaga shekarun daki-daki har 18, cikin doka, kasafi yana biye, har masu karɓa suka kai yara wajen miliyan 13. A Mayun 2020 kuma, saboda korona, ta ƙirƙiro tallafin wucin gadi na rand 350 ga manya marasa aikin yi, na wata shida. A ƙasar da kusan kashi ɗaya bisa uku na masu neman aiki ba su da shi, janye irin wannan ba wasa ba ne: an bar shi ya ƙare a Afrilun 2021, aka dawo da shi a Agusta bayan tarzomar watan Yuli. Baitulmali kuma bai yarda a mai da shi na dindindin ba sai an nuna inda kuɗin zai fito. Sai aka riƙa tsawaita shi shekara-shekara, an ƙara rand 20 kacal a 2024, ana kuma tsaurara sharuɗɗan shiga don masu karɓa su tsaya cikin kasafi, har ƙungiyoyi suka kai gwamnati kotu. A Fabrairun 2025 ministan kuɗi Enoch Godongwana ya zo da shawarar ɗaga harajin VAT daga kashi 15 zuwa 17, abokan haɗakar gwamnati suka ƙi, aka ɗage gabatar da kasafin a ranar da aka tsara, daga baya aka janye ƙarin gaba ɗaya. Tallafin rand 370 kuma aka sake tsawaita shi da shekara ɗaya, zuwa Maris na 2026.